Dokar Ɗora Hannu

Verlin Vondracek bai taɓa shiga motar tsere ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Irin masara da abincin dabbobi yake sayarwa a Tabor Grove, cikin jihar Iowa, mutum mai ƙaton ciki da 'yar ƙaramar murya, wanda in yana tuƙa a-kori-kurarsa sai ka ce ƙwai ya ɗauko a baya. Amma shi ya kafa Ƙungiyar Tseren Koguna Uku, kuma da ya mutu ita ya bar wa 'yarsa Arlys, haɗe da gida mai yoyo da wani kare kurma.

Kafin ƙungiyar, manoma kan taru ran Asabar a filin bajekolin gunduma, tanka ta jiƙa jar ƙasa, su yi ta zagaya da'ira da tsofaffin motoci har laka ta rufe lambar kowa. Ba alƙali, ba doka. Duk shekarar da masara ta yi kuɗi sai wani ya je birni ya sayo inji mai tsada ya wuce kowa, sauran su yi zuciya su zauna a gida, 'yan kallo ma su daina zuwa. Verlin ya daɗe yana kallon haka daga rumfar da yake tallan irinsa. Rannan sai ya tara masu filaye uku ya ce su bar masa shari'a, shi zai cika musu fili da motoci.

Doka ɗaya ya kawo wadda ta ci sunanta. In an gama tsere, duk direban da ya kai ƙarshen tseren yana da iko ya taka zuwa motar wanda ya ci, ya ɗora hannu a kan bonet, ya ce ya ɗauka. Zai biya kuɗin da bai wuce na ɗan maraƙi ba, a kwance injin nan take a loda masa. Wanda ya ƙi bayarwa an kore shi shekara guda daga duk filin da ke ƙarƙashin ƙungiya. To wane mahaukaci ne zai zuba kuɗin tarakta a injin da za a raba shi da shi a kuɗin maraƙi? Kowa ya koma wurin 'yan gwangwan yana tonon tsohon inji. Mai gyaran famfo ya zama yana karawa da mai gonar da ba a ganin ƙarshenta.

An sha dambe da farko. Akwai wanda har yau yake yawo da tabon sifana a goshi. Verlin kan tsaya a gefe, hannu a aljihu, sai an gaji an rabu, sannan ya ce da ƙaramar muryar nan a ci gaba da kwance injin. Motoci suka cika. Filaye uku suka zama goma sha wani abu, har cikin Nebraska. Kowane direba yana yankar katin shekara, kowane mai fili yana biyan ƙungiya ranar tsere, wani kamfanin taya kuma yana miƙo nasa kason don a ce tayarsa kaɗai za a sa. Da haka Verlin ya rufe shagon iri. Ranar jana'izarsa coci ya cika maƙil, sai dai masu lura sun ce ba su ga hankicin da ya jiƙe ba in ban da na 'yarsa.

Ita ma Arlys ta lura. Mace ce da ta ba hamsin baya, ta taɓa auren wani ɗan inshora wanda ya tafi taro Omaha, har yau ana jira a tashi daga taron. Abin da ta iya a duniya shi ne ta sa a so ta. Ta san ranar haihuwar kowane direba, da sunan matarsa, da sunan wadda ta riga ta. In ƙafar wani ta karye, tukunyar taliya da kazarta ce ke fara isa gidan. Duk taron direbobi kafin tsere sai ta zo da kwalin biskit ɗin da ta gasa da hannunta. Ta ƙudurta za ta riƙe ƙungiyar yadda uban ya riƙe, amma ban da baƙin jinin.

Sai dai yankin ba yadda Verlin ya same shi ba ne. A shekarun da bankuna suka yi ta ƙwace gonaki, rabin jama'a sun tattara sun tafi. Waɗanda suka rage duk dangi ne ko surukai, coci ɗaya, wurin shan gahawa ɗaya. Hannu ya daina hawa bonet. Dokar tana nan, ana karanta ta a lasifika duk farkon shekara, kowa ya gyaɗa kai. Mai amfani da ita ne babu.

Delmar Hoekstra ya fara ganewa. Mai kiwon aladu ne, dattijon coci, mai fara'a, wanda ke ba da aron injin girbinsa ba sai an roƙa sau biyu ba. Ya aika Indiana aka haɗo masa injin da ko kukansa ka ji ka san ba daga wurin 'yan gwangwan ya fito ba. Ya ci tsere, ya tsaya a gefen motarsa yana goge wuya yana jira. Mutane suka zo suka yi masa barka. Asabar ta gaba ma haka. Da shekara ta zagayo wasu masu hali biyu uku suka yi koyi da shi a wasu filayen, masu gyaran famfo kuwa suka fara jan tamfol suna rufe motocinsu a bayan gida.

Wata safiya Orval Stuhr, mai filin da ya fi kowanne girma, ya kira Arlys wurin shan gahawar da ke kallon rumbun hatsin gari.

"Zauna mana, 'yar Verlin, ba cizo zan yi ba."

"Baba Orval, ai kai ko za ka yi cizo sai ka aika gida a kawo haƙoran."

Ya yi dariya kaɗan, ya tura mata sukari. "Kin ga Asabar da ta wuce? Motocin da suka zo ba su cika layi biyu ba. Matata ta gasa naman da zai ishi gari, mu biyu muka yi ta ci har Laraba. Wa zai biya kuɗin ƙofa ya zo ya kalli Delmar yana shan iska shi kaɗai?"

"Za su dawo. Bana ruwa ne ya yi yawa."

"Bara kin ce fari ne." Ya kurɓi gahawa. "Ba ni kaɗai ba ne, sauran masu filaye su suka turo ni. Akwai wani babban kamfanin tsere daga kudu, sun zo da mutum mai takalmi mai ƙyalli. Za su kawo nasu motocin, da nasu direbobin, har da talabijin wai. In Agusta ya ƙare ba mu ga canji ba, za mu sa hannu."

"Ku bar ƙungiyar da kuka yi arziki a cikinta?"

"Wace ƙungiya, 'yata? Muna biyan ki don doka. Dokar kuwa tana kwance tare da ubanki a bayan coci. Biskit ɗinki da daɗi, ban ce ba."

Ta biya kuɗin gahawar su biyu, don ba ta iya barin a biya mata ba ko tana fushi, ta fita.

Abin da take buƙata bai da yawa: mutum ɗaya ya ɗora hannu sau ɗaya a gaban jama'a, tsoro ya dawo. Ta shiga mota ta bi direbobi gida gida. Na farko ya ce ai shi da zuciya ɗaya zai yi, amma injin girbin Delmar na cikin gonarsa a halin yanzu. Na biyu 'yarsa ce ke soyayya da ɗan Delmar, an kusa maganar rana. Na uku ya cire hula ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Arlys, benci ɗaya fa muke zama ran Lahadi. In na raba shi da injinsa, da wane ido zan miƙa masa faifan sadakar coci?" Kowa ya yarda Delmar na kashe tseren. Kowa ya ba ta tumatir ko masara ɗanya ta tafi da ita. Ta dawo gida bayan mota cike da kayan miya.

Sai ta zauna ta yi abin da ta fi ƙwarewa a kai, ta bi tarihin mutane ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda ke ƙin Delmar ƙi na gaske. A yankin nan ba a faɗin irin wannan da baki, sai dai a duba alamu. Alamar kuwa tana ɗakin cin abincin coci. A cikin kofunan cocin akwai guda mai ɓantararren baki, wanda ba a jefar ba don ba a jefar da komai. Shekara da shekaru, duk Lahadin da Twyla Hoekstra ke rabon gahawa bayan sujada, a hannun Delmar kofin nan ke ƙarewa. Da murmushi take miƙa masa.

Twyla matar ƙaninsa ce marigayi Lyle. Lyle ya shuka layin itatuwa a kan iyakar gonakinsu don tare iska, ya yi ta ɗibar musu ruwa da bokiti har suka fi gida tsawo. Tun ciyawa ba ta rufe kabarinsa ba Delmar ya sa aka sare su don ya ƙara ɗakin aladu. Twyla ta ci gaba da harkarta. Motar 'yan makaranta take tuƙawa, ran Asabar kuma ta fito da motar tseren mijinta, don kada ta yi tsatsa, in ji ta. Ba ta taɓa ci ba, ba ta taɓa karo ba, ba ta taɓa kasa kai ƙarshe ba. Maza na cewa har sigina take bayarwa in za ta sha kwana.

Arlys ta same ta tana tsinkar wake a baranda. Aka yi zancen zafi, da gwiwar fasto, da tsadar sukari. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Twyla ta ci gaba da tsinkar wake. "Yaya Delmar mutumin kirki ne."

"Kowa ya sani."

"Shi ya biya kuɗin akwatin gawar Lyle."

"Haka aka ce."

"Mai arha ya zaɓa." Ta jefa wake a kwano. Iska ta kaɗo daga wajen iyaka, ɗauke da warin da ba sai an faɗi na mene ne ba. "Kin ji? Da can ƙamshin itace nake ji a nan."

"In kuɗin ne, ƙawata, ni zan ba ki."

"Riƙe abinki. Nawa suna cikin gwangwanin sukari tun shekarar da ya sayo injin. Ina dai jiran wani ya riga ni ne."

Ranar Asabar ɗin bajekoli da rana ake tsere, bayan an gama gasar shanu. Benci ya cika, don ko ba tsere mutane na zuwa su huta da ƙafa su ci masara. Tanka ta zagaya ta jiƙa ƙasa, aka ɗaga tuta, Delmar ya tafi abinsa. Ya riski Twyla ta baya ya wuce ta, ya sake zagayowa ya wuce ta, har yana ɗaga mata hannu. Ita kuwa tana bin gefen ciki a natse, kamar akwai yara a kujerar baya. Ta kai ƙarshe.

Ta fito, ta cire hular kwano, ta gyara gashi, ta ɗauki jakarta ta rataya a hannu. Ta ratsa masu yi wa Delmar barka ta ɗora tafinta a kan bonet.

"Twyla, ƙanwata, rana ce ta buge ki? Cire hannu kada ya ƙone ki."

"Ya riga ya ƙone, Yaya. Na ɗauka."

Matasa na tambayar iyayensu me ke faruwa, don ba su taɓa gani ba. Arlys na tsaye da kwalin biskit a hannu, tana jiran sifana ta tashi sama kamar zamanin ubanta.

Ba abin da ya tashi. Delmar ya yi ja har kunnuwa, ya dubi jama'a, sannan ya naɗe hannun riga. Shi da kansa ya kwance kusoshin. Shi ya ja sarƙa. Ya shimfiɗa tsohon bargo a bayan a-kori-kurar Twyla don kada injin ya goge, ya ɗaure shi da igiyarsa, ya tsaya yana gaya mata irin man da yake sha da yadda ake ɗumama shi da safe, da ƙarfi yadda na saman benci za su ji. "Igiyar ki riƙe, ba gaggawa," in ji shi. Wata tsohuwa a benci ta ce, "Allah sarki, bawan Allah." Nan maganar ta fara yawo.

Orval ya matso kusa da Arlys ya ce, "To. Mu ga Asabar mai zuwa."

Ran Lahadi ba wanda ya ce wa Twyla ta yi laifi. Gaishe ta aka yi ta yi fiye da kullum. Mata suka riƙa kama hannunta suna tambaya ko tana samun barci, ko kaɗaici ne, ko ta ga likita. Bencin da take zama ya ɗan yi fili hagu da dama. Huɗuba ta faɗo kan kwaɗayin kayan maƙwabci, fasto ya rantse daga baya wai tun watan jiya ya shirya ta. Da aka zo cin abinci, kwanon dankalin Twyla, wanda aka saba kankare gindinsa, cokali ɗaya aka ɗiba. Delmar ne ya ɗiba. Ya kuma yaba.

Ran Litinin da hantsi mai rabon wasiƙu ta ga a-kori-kurar Twyla na shiga gonar Delmar da baya da baya, injin a ɗaure cikin bargonsa, kek ɗin tuffa a kujerar gaba an sa masa bel. Ta ga ta fito da cinyar alade. Kafin azahar labari ya kai Nebraska.

Arlys ta same ta a barandar nan, ba wake a gabanta wannan karon.

"Twyla! Me kika yi mini?"

"Na mayar masa. Ya mayar mini da kuɗina, har da nama."

"Itatuwan Lyle fa? Warin nan fa?"

"Suna nan, ban yafe ba." Twyla ta dubi tafinta, inda bonet ya bar mata bororo. "Na iya ƙin mutum shekara da shekaru, Arlys, ba ya hana ni cin abinci. A ƙi ni ne ban iya ba. Kwana biyu na gwada. Ke da kike faɗa, za ki iya?"

Arlys ta miƙe za ta tafi. Aka ba ta rabin cinyar aladen, ta karɓa, don ba a ƙin karɓa.

Da yamma Orval ya bugo waya yana dariya har da tari. "Kin ji sabuwar dokar ƙungiyarki? A ɗauka ran Asabar, a mayar ran Litinin da kek. Ni ma zan sayi mota, ina son kek." Da dariyar ta lafa ya ce mai takalmi mai ƙyalli zai zo kallon tseren Asabar, da takardunsa.

Ta ajiye waya ta fita bayan gida. Tsohuwar a-kori-kurar ubanta na nan a rumfa, sarƙar ɗaga inji na kwance a baya ta yi ja. Ta shiga ta zauna, karen ya hau gefenta. Ta tuna yadda Verlin ke cin abincinsa a coci a ƙarshen tebur, da yadda take jin kunyar hakan tana yarinya, tana zaton rashin iya zama da mutane ne. Ta daɗe a zaune. Sannan ta murza makulli, motar ta ƙi tashi, ta je neman batir.

Ran Asabar a filin Orval, direbobi suka taru kafin tsere kamar yadda aka saba, suna leƙen hannunta. Ba kwali.

"Yau ba biskit, uwar ɗakinmu?" in ji wani.

"Babu." Ta hau kan wata taya. "Daga yau an ɗauke muku ɗora hannu. Ba direban da zai ƙara ɗaukar injin wani. Ƙungiya ce za ta ɗauka, ni ce ƙungiya. Zan biya kuɗin maraƙi, in tafi da injin in sayar a inda ba ku da dangi, ribar ta shiga kyautar tsere. Wanda ya ƙi, shekara guda."

Direbobi suka juya suka dubi Delmar.

Delmar ya yi murmushi. "A tsakiyar shekara ake canja doka, Arlys?"

"Dokar ta ubana ce, ya bar mini ita tare da kare."

Orval ya ja ta gefe. "'Yata, in dole ne, ki sa lambobin motocin da suka zo gaba a gwangwani a ja ƙuri'a. Sai a ce sa'a ce, ba ke ba."

"In gwangwani ne za su yi caca da shi, Baba. Ba mai jin tsoron gwangwani."

Delmar bai yarda za ta iya ba. Ba wanda ya yarda. Matar da ke kuka in an yanka kaza? Ya shiga motarsa da injin Indiana, ya ci tseren yadda ya saba, ya tsaya yana goge wuya. Sai ga tsohuwar a-kori-kurar Verlin ta shigo fili a hankali, tana jan jiki kamar an ɗauko ƙwai. Tsofaffin da ke benci suka gane ta tun daga nesa, wani ya cire hula bai san ya cire ba.

Arlys ta sauko ta ɗora hannu.

"Arlys," in ji Delmar a hankali, "ke fa kika riƙe ɗana ranar baftisma."

"Ni ce."

"Da matata ta kwanta asibiti, ke kika ciyar da gidana."

"Ni ce. In ta sake kwanciya zan sake. Na ɗauka, Delmar. Ka bayar ko ka huta shekara?"

Wannan karon bai naɗe hannun riga ba. Ya jefar da makullin a laka ya juya baya. Ba bargo, ba igiya, ba bayanin mai. Arlys ta kira bakanikan fili, suka zo suna jan ƙafa, ta tsaya a gefe hannu a aljihu har suka gama. Daga benci wani ya yi mata ihu, wasu suka taya shi. Rabonsu da ihu irin wannan an daɗe, mai sayar da lemo ya ce ranar ya ga ciniki.

Ba ta yarda injin ya kwana a gundumar ba. Ta san kanta. In ya kai Litinin a rumfarta, za ta tsinci kanta tana feraye tuffa. Daga filin ta miƙe hanyar Missouri da karenta, ta sayar wa wani mutum da ba ta tambayi sunan matarsa ba.

Asabar ta gaba ta yi wa wani mai hali haka a Nebraska. Ta bayanta kuma ta ɗauki injin wani talaka wanda bai kai kuɗin maraƙin ba ma, ta yi asara, don kada a ce masu kuɗi take bi. Shi ma ya daina gaishe ta, wai ta kunyata shi. Aka ce cinye ribar take. Aka ce tun asali halin uban ne da ita, ɓoyewa take. Aka ce dama ɗan inshorar nan ba banza ya zauna a Omaha ba. Ana cikin faɗin haka ana yaye tamfol daga kan motoci a bayan gidaje, wurin 'yan gwangwan ya koma kamar kasuwa. Delmar ya yi fushin Asabar biyu, ta uku ya zo da injin tsohuwar motar kai madara, ya zo na shida, ya yi ta faɗa da mai gyaran famfo a kan wa ya goge wa.

Mai takalmi mai ƙyalli ya koma kudu da takardunsa. Orval bai sa hannu ba, bai kuma sake kiran Arlys shan gahawa ba. Sun haɗu a bakin banki ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Har tsayuwar tasa kika ɗauko." Bai ce yabo ba ne, ita ma ba ta tambaya ba.

Ƙungiyar ta ninka filayenta a hannunta, ta ƙetara har Dakota. Da gwiwoyinta suka gaji ta sayar wa masu tayar nan da daraja, ta gyara rufin gida. Su kuwa da suka karɓa sun fahimci abin da suka saya. Suna ɗauko mai ɗora hannu daga jiha mai nisa, wanda ba ya zuwa cocin kowa, in ya fara sanin sunayen matan direbobi su canja shi.

Arlys tana nan, tana zuwa coci duk Lahadi da tukunyar taliya da kaza, tana komawa da rabinta. Kofin nan mai ɓantararren baki har yau ba a jefar ba. Ko wace ce ke rabon gahawa, a hannunta yake ƙarewa, da murmushi. Twyla ce kaɗai ba ta ba ta shi, don ita tana da mai shi. Sauran ranakun Arlys kan karɓa ta yi godiya, ta juya shi ta ɓangaren da bai ɓantare ba, ta sha abinta a ƙarshen tebur.